Haƙƙin Jama'a a Wuyan Masu Kasuwancin Ruwa

Ruwan sha haja ce da mai saye ba ya iya ƙaurace mata, komai tsadarta. Shi ya sa nauyin da ke kan kamfanin ruwa ya fi na sauran 'yan kasuwa. A watan Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana samun tsaftataccen ruwa a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Hakan bai hana sayar da shi ba, amma ya tilasta a duba ingancinsa da farashinsa da kuma waɗanda yake isa gare su.

Kamfanoni da dama na ɗaukar gina aji ko raba kayan azumi a matsayin sauke nauyin al'umma. Alheri ne, sai dai ba ya wanke kamfanin da ya tsallake unguwannin talakawa wajen shimfiɗa bututu saboda ba riba a can.

Abin da ya faru a birnin Cochabamba na Bolibiya ya zama darasi. A 1999 gwamnati ta danƙa ruwan birnin na shekara 40 ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda Bechtel na Amurka ke da hannun jari a ciki. Ba a jima ba kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, sannan wata sabuwar doka ta sa mutane fargabar rasa rijiyoyin da suka haƙa da guminsu. Zanga-zanga ta ɓarke, aka kashe wani matashi ɗan shekara 17, kuma a Afrilun 2000 aka soke kwangilar. Kamfanin ya ce kuɗin na faɗaɗa aiki ne, amma tun farko ba wanda ya nemi shawarar masu biya.

Nijar ta bi tsarin raba aiki. Daga 2001 kamfanin gwamnati SPEN ne ke riƙe da kadarori, SEEN mai alaƙa da Veolia na Faransa kuma ke rarraba ruwa da karɓar kuɗi, har zuwa ƙarshen 2023 da aikin ya koma hannun gwamnati.

A biranen arewacin Najeriya kuwa, ƙananan 'yan kasuwa ne suka cike giɓin famfo: masu rijiyar burtsatse, 'yan ga-ruwa da masu ruwan leda. A nan talakan da ke sayen jarka-jarka yakan biya fiye da mai famfo a gida. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke ba da lambar rajistar ruwan leda, amma lamba na nuna yadda masana'anta take ne ranar bincike. Sauya matatai a kan kari da gwada ruwan a kai a kai sun rage ga amanar mai kamfani, domin mai saye ba ya ganin ƙwayar cutar kwalara ko taifot da ido. Ga kuma ɓarnar da ba ta shiga lissafin riba: ledojin da ke toshe magudanai da damina, da manyan burtsatse da ke janye ruwan ƙasa har rijiyoyin maƙwabta su ƙafe.