Tuwon Lahadi da Miyarsa

A gidan da ke da tsari, uwargida ba ta buɗe rumbu ta kwashi abin da ranta ke so. Awo ake yi mata: yau dawa, gobe masara, jibi gero, don hatsin ya kai gidan har wata kakar. Haka cocin Katolika take yi da Littafi Mai Tsarki. Littafin ne rumbun, karatun ranar Lahadi kuma shi ne awon.

Duk wanda ya saba zuwa Misa a Kafanchan, ko Zariya, ko Shendam inda limaman mishan na SMA suka sauka a 1907, ya san yadda abin ke tafiya. Karatu na farko yawanci daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, mawaƙa na bayarwa jama'a na amshi, sai wasiƙar wani manzo, galibi Bulus, sannan kowa ya miƙe tsaye don Bishara. Fada ba shi da ta cewa a nan. Abin da aka karanta a ƙauyen da ko lantarki babu, shi aka karanta a Roma a wannan safiyar.

Awon na shekara uku ne. Shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka. Yahaya ba shi da tasa shekarar, ana tsoma shi ne a lokacin azumi da na Ista. Da yake Markus gajere ne, sura 16 kacal, in an shiga tsakiyar damina a shekararsa sai a ciko da sura ta 6 ta Yahaya har Lahadi biyar a jere, kamar yadda ake haɗa garin rogo in na masara ya yi kaɗan. Kakanninmu ba su ci wannan awon ba. A zamaninsu da Latin ake karatu, abu guda ake maimaitawa kowace shekara, Tsohon Alkawari kuwa sai jefi-jefi. Taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya ce a buɗe wa jama'a rumbun sosai, sabon tsarin ya fito a 1969.

Amfanin awo shi ne ba ya tambayar mai girki me take marmari. Da an bar wa kowane mai wa'azi ya zaɓa, da kullum labarin ɗa mubazzari da na makiyayi mai kyau za mu riƙa ji, don suna da daɗin haɗiya. Amma a watan Satumba na shekarar C, ana shirin shiga kaka, sai ga Annabi Amos yana la'antar masu rage mudu da masu murɗe ma'auni, masu sayar wa talaka har da ƙaiƙayi. A benci na gaba kuwa ga babban ɗan kasuwar hatsi, wanda shi ya sayi kwanon rufin cocin. Fada ba zai iya tsallake shafin ba, ɗan kasuwar ma ba zai ce da shi ake ba, tunda an tsara karatun tun kafin ya buɗe shago. A Satumbar shekarar A kuma sai misalin mai gona da ya biya ɗan ƙwadagon da ya zo da la'asar daidai da wanda ya fara tun asuba. Manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ba ya jin wannan bai gyara zama ba.

To, tuwo dai ɗaya ne ko'ina, miya ce ta bambanta, miyar kuwa ita ce wa'azi. A nan ake gane hannun mai girki. Wani Fada zai ɗauki karatu na farko ya nuna inda ya haɗu da Bishara, domin da gangan aka zaɓo su su dace, cikin minti goma ya sauka, mutane su tafi gida suna tattauna zancen. Wani kuwa zai yi sa'a guda yana yawo daga siyasa zuwa tsadar mai, bai ko leƙa abin da aka karanta ba. Ga kuma masu karatun da ba su duba shafin tun a gida ba, su zo suna tuntuɓe da sunan Nebukadnezzar, su miƙa wa jama'a tuwo duk gudaji. Kada ma a yi zancen sanarwa: kuɗin gini, ranar godiyar kaka, taron matasa, har ta fi karatun huɗu tsawo.

Wanda na fi jinjina wa shi ne katikis na ƙauye. Akwai ƙananan coci-coci da Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, don shi kaɗai ne a kan ƙauyuka da yawa, hanya kuma in ruwa ya sauka sai babur. Katikis ne ke buɗe ƙofa, ya karanta, ya yi bayani da Hausa, wani lokaci ya sake juyawa da harshen garin saboda tsofaffi. Bai je makarantar limanci ba, amma ya san wanda ya yi rashi a makon, da maƙwabtan da ke rigima a kan iyakar gona, miyarsa kuma da kayan lambun garin yake yin ta.

Da za a ji tawa, da an riƙa faɗin karatun mako mai zuwa kafin a tashi daga Misa, a rage wani abu daga sanarwar. Zumuntar Mata dama suna haɗuwa a tsakiyar mako, mawaƙa ma haka. Minti kaɗan ya ishe su su karanta Bisharar tare kafin a ɗauko ganga da tulu.