Jami'in bizar da ya jira shekara 28 kafin a zo masa godiya

A ƙarshen watan Yulin 1940, ɗaruruwan mutane suka yi cincirindo a ƙofar ƙaramin ofishin jakadancin Japan da ke Kaunas, a ƙasar Lithuania. Yawancinsu Yahudawa ne da suka tsero daga Poland bayan sojojin Hitler sun mamaye ta. Abin da suke nema bai wuce takarda guda ba: bizar ratsawa ta Japan zuwa wata ƙasa.

Jami'in da ke ofishin, Chiune Sugihara, ya nemi izini daga Tokyo. Amsar da ya samu ita ce kada ya bai wa kowa sai mai cikakkun takardu da kuɗin guzuri, sharaɗin da akasarin mutanen ba su cika ba.

Sai ya ɗauki alƙalami. Ya yi makonni yana rubuta biza da hannu, tun safe har dare, har lokacin da aka rufe ofishin ya bar garin a farkon Satumba. Jerin da ya aika wa ma'aikatarsa daga baya na ɗauke da sunaye fiye da 2,100, ga shi kuma biza ɗaya kan ɗauki iyali guda. Masu bizar sun keta Tarayyar Sobiyet a jirgin ƙasa zuwa Vladivostok, daga nan suka shiga jirgin ruwa zuwa Tsuruga a Japan.

Mai neman biza ya fi riƙe fuskar wanda ya hana shi. Wanda ya ba shi kuwa, sa hannunsa kawai yake tafiya da shi. Haka ta faru da Sugihara. A 1947 aka raba shi da aikinsa, ya koma ƙananan sana'o'i, daga bisani ya shafe shekaru yana yi wa wani kamfanin kasuwanci aiki a Moscow.

Sai a 1968 ɗaya daga cikin waɗanda ya ceta, Yehoshua Nishri, wanda ke aiki a ofishin jakadancin Isra'ila a Tokyo, ya gano inda yake. Cibiyar Yad Vashem ta karrama shi gab da ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1986.

Ma'aikatar harkokin wajen Japan ba ta girmama shi a hukumance ba sai a shekarar 2000, shekara 14 bayan rasuwarsa. Gidan da ya yi aikin a Kaunas yanzu gidan tarihi ne.