Ƙaramin tiyo mai kashe injin 504

Masu karatu, Peugeot 504 ba baƙuwa ba ce a hanyoyinmu. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ko autar 504 ta kai shekara ashirin a duniya. Ƙarfenta na jurewa, amma roba ba ta da wannan haƙuri.

Da an buɗe kapo, kowa manyan tiyoyin radiyatar yake dubawa. Akwai kuwa wasu ƙanana guda biyu da suka ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Ɗaya na kai ruwan zafi ga ƙaramin radiyatar shofaj da ke ƙarƙashin tablo, ɗayan na maido shi. Mu da ke ƙasar zafi ba mu tuna shofaj sai hunturu ya kama, shi ya sa ake mance su. Amma ruwan inji ne a cikinsu. Ranar da ɗaya ya fashe tsakanin Tahoua da Agadez, ruwa zai tsiyaye cikin ƴan mintoci, inji ya ɗau zafi, juwan kulas ya ƙone, wani lokaci kulas ɗin kansa ya lanƙwashe. Tiyon ƴan jikkuna sai ya ja hasarar inji.

Tiyo yakan ba da alama kafin ya fashe: kumburi kusa da kolye, tsagewa, laushi fiye da kima in an matsa, tsatsa a bakin mahaɗa, ko jiƙewar shimfiɗar ƙafa a gaba.

Ga yadda gogaggun makanikai ke yi. Ana barin inji ya huce sarai, a buɗe shofaj, a zubar da ruwa. Tsohon tiyo yakan manne, kuma a nan ne ake ɓarna. Bututun shofaj siriri ne. In aka ja da ƙarfi ya karye, sai an kwance tablo kafin a gyara. Don haka ana tsaga tiyon da reza a tsaye, a ɓare shi a hankali. A tafi da shi kanti don a samo mai faɗinsa da lanƙwasarsa daidai. Tiyon ban ruwan garka bai jure zafin inji, kada a yarda da shi.

Wurin matsattse ne, hannu bai shiga sosai. Dabarar ita ce a zura kolye a jikin sabon tiyo tun kafin a kai shi, a juya kan kusar zuwa inda turnabis zai isa. A tsoma bakin tiyon cikin ruwan zafi ya yi laushi, a shafa ruwan sabulu. Ban da baƙin mai ko giris, domin suna cin roba. A canza duka biyun rana ɗaya, tun da tare suka tsufa.

Bayan haka a cika ruwa shofaj na buɗe, a tada inji har iskar da ta maƙale ta fita, a duba ko yana yoyo. In ya huce, a ƙara ɗaure kolye.

Wanda bai buƙatar shofaj yana iya haɗe kafofin biyu na inji da guntun tiyo mai kyau. Wannan ya fi tushe su da icce da waya, kamar yadda muke gani a wasu garejoji.

Direbobi, kafin doguwar tafiya, ku kai hannu bayan inji ku taɓa tiyoyin nan. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.