Sassauta biyan bashi yana ba da numfashi, amma yana barin tabo

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu malaman makarantun gwamnati a Ghana mun san haka sosai, domin tun kafin albashi ya shigo hannu ofishin Akanta Janar, wanda muke kira Kontrola, ya riga ya cire rabon banki da na kamfanonin ba da rance. Da tsadar kaya ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022, abin da ya rage a takardar albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Tun daga lokacin nake jin abokan aiki da 'yan kasuwarmu na Zango suna cewa za su je a “sassauta musu” bashi. To, mene ne sassaucin, kuma me yake jawowa gobe?

Sassauci shi ne ka zauna da mai binka bashi ku sake tsarin biya: a rage abin da kake bayarwa duk wata, a tsawaita lokaci, ko a ɗaga maka ƙafa na 'yan watanni. Wasu kuma banki ɗaya ne ke biye musu duk basussukansu, su dawo suna biyan wuri guda. Nauyin wata-wata yana raguwa, wannan gaskiya ne. Sai dai ɗauki alli ka yi lissafi. A ce saura wata 12 ka gama, kana biyan Sidi 900, jimla 10,800. Aka mayar da shi wata 24 a kan Sidi 550, ka ga ya zama 13,200. Ka samu sarari, amma kuɗin ruwa ya ci ƙarin Sidi 2,400. Ga Musulmi, wanda tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da riba ba, wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na biyu shi ne wanda mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tun 2007 Ghana take da dokar tattara bayanan masu cin bashi, wato Doka ta 726. A ƙarƙashinta Babban Bankin Ghana ya ba kamfanoni irin su XDS Data da Dun & Bradstreet lasisin ajiye tarihin bashin jama'a. Bankuna da kamfanonin rance suna aika musu bayanai: nawa ka ci, nawa ya rage, wane wata ka makara. Idan ka je neman sabon rance, kafin a ce maka sannu da zuwa an buɗe wannan tarihin. Sassauci ba ya goge watannin da ka riga ka tsallake. Mai ba da bashi kuwa idan ya ga alamar ka taɓa sarewa, ko dai ya hana ka, ko ya rage abin da zai ba ka, ko ya ƙara ruwa, ko ya ce ka kawo wanda zai tsaya maka.

Kar wani ya ce to gara in yi shiru in ɓace. Wallahi gudun ya fi muni. Ku tuna 2022, lokacin da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da Ghana Card, wasu suka yi shawarar jefar da layin don su tsere wa bashin MoMo. Babban Banki ya fito ya gargaɗe su cewa bayanansu suna nan a wurin kamfanonin tarihin bashi, kuma rashin biya zai hana su rance nan gaba. Wanda ya je da ƙafarsa aka sake masa tsari, ya kuma riƙa biya kan lokaci, tarihinsa yana nuna mutum ne da ya yi tuntuɓe ya miƙe. Wanda ya gudu, sunansa yana nan a matsayin wanda bai biya ba, kuma idan wani ɗan'uwa ya tsaya masa, kansa abin zai koma.

Shawarata, a matsayin wanda aikinsa duba lissafin yara ne, ita ce ka je tun kafin ka tsallake wata na farko. Ka tambayi jimlar abin da za ka biya har ƙarshe, ba na wata kawai ba. Ka tambayi yadda za su rubuta bashin a tarihinka. Komai a ba ka a rubuce, da sa hannu. Muddin kana cikin tsarin, kar ka ci sabon bashi don biyan tsohon, ko da na waya ne. Sannan doka ta ba ka damar karɓar rahoton tarihinka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka karɓa, ka karanta, in ka ga bashin da ka gama biya har yanzu yana rubuce, ka kai ƙorafi a gyara, kuma ranar da ka kammala ka karɓi takardar shaida ka adana.

Rana za ta zo da za ka buƙaci kuɗin haya na gaba, ko kuɗin jami'ar ɗa, ko jarin shago. Ranar, abin da aka rubuta a kanka ne zai yi magana kafin ka buɗe baki. Allah ya raba mu da nauyin bashi, amin.