Me ya sa ƙullin garin shinkafa yake tsagewa? Abin da mai waina ta sani, Indiyawa ma sun sani

Duk wanda ya bi hanyar Talata Mafara zuwa Bakura ko Maradun da rani ya ga gonakin shinkafa shar, albarkacin ruwan madatsar Bakalori da aka kammala a 1978. Shinkafar tana ƙarewa a tuwo, waina da sinasir. Amma gwada kwaɓa garinta da ruwan sanyi don yin gurasa irin ta alkama: ƙullin zai riƙa ɓarɓashewa a hannu, in ka murza ya tsage. Ina matsalar take?

Alkama tana da wasu sunadarai da in suka haɗu da ruwa aka murza, sai su zama gulutin, wato wannan danƙon da ke sa ƙulli ya miƙe kamar roba. Shinkafa ba ta da shi. Abin da take da shi da yawa sitaci ne, kuma ƙwayoyin sitaci ba sa jiƙa sosai a ruwan sanyi, suna nan kamar yashi. Sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Selsiyas sannan su kumbura, su saki abin da ke cikinsu, su zama talge mai kama jiki. Wannan talgen shi ke maye gurbin gulutin.

To, ai mai waina ta daɗe da sanin haka. Shi ya sa take dafa wani kaso na shinkafar ta zuba cikin ƙullun da aka niƙa. Dafaffen kason ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, waina ta tashi ta yi laushi. Shi ya sa kuma take neman shinkafar tuwo, ba ta gumi ba: ta gumi an riga an dafa sitacinta ya huce ya sandare, ba zai ba da irin wannan danƙon ba.

A kudancin Indiya dabarar ɗaya ce, sai dai babu jiran ƙulli ya tashi. Musulmin yankin Malabar a jihar Kerala suna yin pathiri, wata farar gurasa siririya. A Karnataka akwai akki rotti ("akki" shinkafa ke nan da harshen Kannada). Ga yadda ake pathiri, kuma garin shinkafar Mafara zai yi:

A tafasa ruwa kofi 1 da ɗan ƙari, da gishiri da ƙaramin cokalin mai. A rage wuta, a zuba lallausan gari kofi 1 da aka tankaɗe, a juya da muciya, a rufe na minti 5. Sai a murza tun da sauran zafi, sosai fa, har ya yi santsi. A nan mutane suka fi kuskure: in aka bari ya huce, sitacin ya fara komawa ya taurare, gefen gurasar ya dinga tsagewa. A cura ƙanana, a barbaɗa gari, a murza su yi siriri, a gasa a busasshen kasko mai zafi.

In ta kumbura kamar balan-balan, ruwan ciki ne ya zama tururi, ƙullin kuma ya yi danƙon da zai riƙe shi. In ba ta kumbura ba, galibi garin ne bai yi laushi ba, ko ruwan bai tafasa ba kafin a zuba shi. Su can da miyar kaza mai madarar kwakwa suke ci. Mu dai mun gwada da miyar taushe, ba a bar ko ɗaya a faranti ba.