The Rock: yadda ɗan kokawa ya zama jarumin fim mafi tsada a Amurka

A gidajen kallo na Guéné da Malanville, da wuya a samu matashin da bai san fuskarsa ba: ƙato mai askakken kai, da zane a kafaɗar hagu, yana ɗaga gira ɗaya idan zai yi magana. Wasu sun san shi a fina-finan tseren mota na Fast & Furious, manya kuma sun san shi tun zamanin kaset ɗin kokawar Amurka. Sunansa Dwayne Johnson, laƙabinsa The Rock, wato Dutse.

Kafin ya shiga fim ya yi sana'o'in ƙarfi guda biyu. Ta farko ta ƙi shi, ta biyu ta ɗaga shi. Tambayar da ya fuskanta kuwa ita ce ke jiran kowane ɗan kokawa, ko a Amurka ko a bakin kogin Kwara: idan jiki ya gaji, da me za a ci abinci?

Gadon gida

An haife shi ranar 2 ga Mayun 1972 a garin Hayward na jihar Kalifoniya. Mahaifinsa, Rocky Johnson, baƙar fata ne ɗan Kanada, kuma ɗan kokawa. A 1983 shi da abokinsa Tony Atlas suka zama baƙaƙen fata na farko da suka ci kambun kokawar mutum biyu-biyu a kamfanin WWF. Kakansa na wajen uwa, Peter Maivia, ɗan asalin tsibirin Samoa, shi ma sanannen ɗan kokawa ne.

Sai dai suna bai kawo wadata ba. Iyalin sun yi ta ƙaura daga gari zuwa gari suna bin inda ake wasa. Johnson da kansa ya sha ba da labarin yadda aka kore su daga gidan haya a Honolulu saboda sun kasa biya, da yadda 'yan sanda suka kama shi ba sau ɗaya ba yana matashi, kan faɗa da sata.

Ƙwallon da ta ƙi shi

Abin da ya fara fitar da shi daga wannan hali shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano ana ture juna. Jami'ar Miami ta ɗauke shi karatu kyauta saboda wasan, kuma yana cikin ƙungiyar da ta ci kofin jami'o'i na ƙasa a 1991. Amma ciwon kafaɗa ya mayar da shi baya, ga kuma Warren Sapp, wanda ya fi shi iyawa a gurbin da suke nema.

Da ya gama karatu a 1995, babu ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar NFL da ta zaɓe shi. Ya tafi Kanada wajen ƙungiyar Calgary Stampeders, bayan kimanin wata biyu aka sallame shi. Ya ce a hanyarsa ta komawa gidan iyayensa ya duba aljihu ya tarar da dala bakwai. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Malanville mai sefa biyar ba, amma duk da haka kuɗin kimanin jika huɗu ne kacal. Yana da shekara 23 a lokacin.

Kokawar da ake tsarawa

Ya roƙi mahaifinsa ya koya masa sana'ar gado. A watan Nuwamban 1996 ya fara fitowa a WWF, a zauren Madison Square Garden na birnin New York, da sunan Rocky Maivia, wanda aka haɗa daga sunan uba da na kaka. An gabatar da shi a matsayin yaron kirki mai murmushi, 'yan kallo kuma suka ƙi shi, har suna yi masa ihu a fili.

A nan akwai buƙatar bayani. Kokawar WWF, wadda yanzu ake kira WWE, ta bambanta da kokawar gargajiya. Kamfani ne ke tsara wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fili, kuma akwai marubuta da ke shirya labarin gaba tsakanin 'yan wasa. Faɗuwar da ciwon na gaske ne, sakamakon ne shiryayye. Saboda haka darajar ɗan wasa tana ga iya riƙe taro, ya sa dubban mutane su so shi ko su tsane shi.

Bayan jinyar gwiwa a 1997, ya dawo a matsayin mugu mai girman kai, yana kiran kansa The Rock, yana yi wa kansa kirari yana zolayar abokan karawa. Waɗanda suka yi masa ihu suka koma haddace kalamansa. A Nuwamban 1998 ya ci babban kambun kamfanin a karon farko, kuma gabarsa da Stone Cold Steve Austin ta kai su babban wasan WrestleMania har sau uku, a 1999 da 2001 da 2003.

Daga fili zuwa gaban kyamara

Shekarun nan sun zame masa makarantar wasan kwaikwayo. Kowane mako yana magana kai tsaye a talabijin, inda ba a yanke kuskure a sake ɗauka. A shekarar 2000 ya jagoranci shirin barkwanci na Saturday Night Live, masu shirya fim suka ga cewa ƙaton ya iya ba da dariya. Ya samu ƙaramin matsayi a The Mummy Returns a 2001, sannan a 2002 ya ja fim ɗin The Scorpion King, aka biya shi dala miliyan 5.5, kuɗin da ba a taɓa biyan wani jarumi ba a fim na farko da ya jagoranta.

Hanyar ba ta miƙe nan take ba. Ya yi shekaru yana fina-finan yara da na barkwanci, wasu suka karɓu wasu suka faɗi. Fast Five na 2011, inda ya fito a matsayin jami'in tsaro Luke Hobbs, shi ne ya dawo da shi sahun gaba. A 2016 ya ba da murya har da waƙa a fim ɗin zane na Moana, a 2017 kuma Jumanji: Welcome to the Jungle ya tara sama da dala miliyan 900 a duniya. Mujallar Forbes ta sanya shi a matsayin jarumin da ya fi samun kuɗi a 2016 da 2019 da 2020.

Jiki kuwa ya karɓi nasa bashin. A 2013, a karawarsa da John Cena a WrestleMania, jijiyoyin cikinsa da na cinya suka yage, sai da aka yi masa tiyata.

Mai wasa ya zama mai gida

A 2012 shi da tsohuwar matarsa Dany Garcia suka kafa kamfanin shirya fim mai suna Seven Bucks, don tunawa da dala bakwai ɗin nan. Daga nan ya daina dogara ga ladan fitowa kaɗai, ya zama mai kaso a ribar aikin. A 2020 su da abokan jari suka sayi gasar ƙwallon XFL kan dala miliyan 15. A Janairun 2024 ya shiga hukumar daraktocin TKO, kamfanin da ya mallaki WWE, aka kuma mallaka masa sunan The Rock, wanda a da kamfanin ke riƙe da shi. Ya yi sama da shekara ashirin yana cin abinci da sunan da ba nasa ba a takarda.

Asara ma ba ta ƙyale shi ba. Black Adam na 2022 bai kawo abin da aka sa rai ba. A 2025 ya sauya salo da The Smashing Machine, labarin ɗan damben gaske Mark Kerr da fama da ya yi da magungunan kashe zafin ciwo.

A bakin kogin Kwara

Tsallaken gada daga Malanville akwai Gaya, cikin jihar Dosso, jihar da Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya kai wa takobin ƙasa sau da dama. Gasar takobin ta Nijar ta fara ne a Tahoua a 1975, kuma ana bin ta a rediyo da talabijin har a ƙauyukan arewacin Benin. Ɗan kokawar Hausa ya riga ya mallaki da yawa daga abin da Johnson ya sayar wa Hollywood: kirari, rawa gaban makaɗa, takun shiga fili, da sanin yadda ake tayar da taro. A Senegal, Mohamed Ndao da ake kira Tyson ya fito a fim ɗin L'Appel des arènes, alamar cewa ƙofar ba a Amurka kaɗai take ba.

Bambancin shi ne kasuwa. Johnson ya tarar da kamfanoni masu kwantiragi a rubuce da lauyoyi masu kare haƙƙin suna da hoto. Ɗan kokawar Alibori ko Dosso yawanci yana rayuwa ne da kyautar 'yan kallo da ta masu hali, kuma bidiyon wasansa yana yawo a wayoyi ba tare da ko sefa ɗaya ta shigo masa ba. Ko a Amurkar ma, waɗanda suka tsallaka irin John Cena da Dave Bautista ƙalilan ne cikin ɗaruruwa. Johnson ya fara gwada fim yana da shekara 29, lokacin da yake kan ganiyarsa, kuma ya fara sana'a ta gaba tun kafin gwiwa da kafaɗa su yanke masa hukunci.