Wai Me Ɗan Manomi Zai Koyo a Jami'a Game da Noma?

A Mainika da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, da zarar an ji jami'a ta ba yaro gurbin karatun aikin gona, sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. "Likita muka nema, aka tura shi agirik. Noman da ya tashi a ciki ne za a koya masa a Kano?" Wasu iyayen har cewa suke ya haƙura ya sake rubuta JAMB baɗi. Wannan magana ta ishi mutane haka.

Ba a musun yaron ya iya firi da maimai da huɗa. To, da ƙwarewar fartanya ta wadatar, da wuta-wuta ba ta ci gaba da cinye dawa duk damina ba. A 2016 da tsutsar tumatir ta afka wa gonakin Kadawa da Kura, manoman da suka tsufa a harkar ne suka tsaya suna kallon asara. Maganin irin wannan annoba daga ɗakin bincike yake fitowa. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka samar da irin waken nan SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa. 'Yan agirik ɗin da ake rainawa su suka yi wannan aiki.

Digirin agirik na shekara biyar ne, guda daga ciki a gona ake yin ta. Wanda ya gama yana iya zama malamin gona a hukumar KNARDA, ko mai bincike a cibiyoyin IITA da ICRISAT da ke Kano, ko ya shiga kamfanonin iri da taki da casar shinkafa, ko sashen bashin noma na banki. Akinwumi Adesina, wanda ya shugabanci Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, tattalin arzikin noma ya karanta.

Ga wanda zai kafa gonarsa kuwa, matsalar jari tana nan, ba a ɓoye ta.

Amma ɗalibin da ke sakandare yanzu ya dage da Kimistiri da Bayoloji ko Agirik, ya haɗa da Lissafi ko Fizis. Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote a Wudil da ta Ahmadu Bello duk suna da tsangayar aikin gona. Wanda bai samu ba, ga Kwalejin Audu Bako a Dambatta. In ya shiga, kada ya riƙa zillewa aikin gonar makaranta don gudun ɓata kaya, abin da da yawansu ke yi, sai su fito da takarda ba hannu. Da hutu ya nemi ko ɗan fili ne a bakin dam ɗin Guzu-Guzu, ya gwada noman rani, yana rubuta kowace naira da ya kashe da wadda ya samu.

Iyaye kuma su daina sa 'ya'yansu asarar shekara a gida. Yaron da aka ba agirik, a sa masa albarka ya tafi.